Namfamo da Tsingaron da Muka Zuba a Magudana

Shekara ashirin da biyu na yi ina gadin tufafi a gidan wankan garinmu, kuma wanda ya yi wannan aikin ba ya saurin ganin girman kowa. Na ga manyan gari ba riga. Na ga tumbin da ake naɗewa cikin farin mayafi ranar taro, na ga tsohon tabon bulala a bayan mutanen da yau su ne masu bayi. Sunana Gudul. In ka tambaya a kasuwa za a ce maka wancan da bakinsa ke riga ƙafarsa isowa. Amma ba labarina zan ba da ba. Labarin Namfamo ne, mutumin da saura ƙiris na sa a ƙone shi da rai, alhali taimakonsa na tashi yi.

In ka ga Namfamo ba za ka waiwayo ba. Ƙafafu kamar na zalɓe, ƙirji kamar kwandon da aka zauna a kai, ga tari da ke sanar da zuwansa tun daga lungu. A bauta aka haife shi, a gidan wani malami da ke koyar da 'ya'yan masu hali a rumfar gefen dandali. Kowace safiya malamin zai rubuta zancen hikima guda na mutanen da, cikin Latin, harshen Rum, a saman allon kakin zuma, a yi ta kwafa har hannu ya saba. Aikin Namfamo shi ne shafe allunan in an tashi. Shekara talatin yana shafewa, sai dai ba ya shafe allo sai ya tsura masa ido tukuna. Babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa. 'Ya'yan masu hali sun sha bulala sun manta, bawan da ke share musu wuri ya haddace. Da malamin zai mutu ya 'yanta shi, ya bar masa tsinken rubutu na ƙarfe guda ɗaya, da tarin nan, don a wurinsa ya ɗauka.

Da tsinken ya ci abinci. Takarda ta masu kuɗi ce, amma tsingaro ko'ina akwai shi, bayan gidan magina tukwane ma tsibi ne. Ya samu wuri a rumfar ƙofar gidan wanka, taku huɗu daga inda nake karɓar riguna. Sai ya karta zance a kan tsingaro, ya shafa kunkunniya don baƙaƙen su fito, ya jefa a wata tsohuwar randar mai da ke tsakanin ƙafafunsa. Mai so ya ba da tsabar tagulla ɗaya, ko zaitun cike da tafi, ko rabin burodin sha'ir. Yawancinmu ba mu iya karatu ba, Latin ɗinmu ma ta ciniki ce kawai, don haka shi zai karanta maka, ya juya maka cikin harshen gida, ka je ka rataye a saman ƙofa. Mahaucin garinmu ya rataye wanda ke magana a kan gaskiya cikin awo, daidai saman ma'aunin nan nasa da duk gari ya san halinsa.

Namfamo ba shi da maganar kansa. Ka gaishe shi, ya amsa maka da bakin wani da ya mutu shekara ɗari huɗu da suka wuce. Ka ce rana ta yi zafi, ya ba ka abin da wani dattijon Rum ya faɗa game da masu ƙorafi. Wata rana na ce masa, "Tsoho, kai ka taɓa yin tunani da kanka kuwa, ko har atishawarka aro ce?" Ya dube ni sama da ƙasa, ya ba ni wani zance a kan wawaye da yawan tambaya. Ba zan maimaita shi a nan ba, tunda da ni yake.

Fitinar ta shigo ne ta hannun wata mai sayar da burodi. Mijinta ya tafi birnin Kartaj neman aiki a bakin teku, wata takwas ba labari. Ta zo sayen tsingaro, ta rasa wanda za ta zaɓa, sai ta rufe ido ta zura hannu a randa. Wanda ta zaro a kan haƙuri yake magana. Kwana shida ga miji ya dawo, har da 'yan kunne ya ƙunso mata. Kafin mako ya zagayo babu mai zaɓa kuma. Kowa zai zo da tambayarsa a zuci, ya rufe ido, ya zura hannu: mai neman aure, mai ciki, mai rikicin iyakar gona. Zantukan mutanen da kuwa riga ce mai faɗi, duk wanda ya sa sai ya ga kamar da jikinsa aka auna. Namfamo yakan ce shi karatu kawai yake yi, amma ban taɓa ganin ya mayar wa kowa da tagullarsa ba. Ni kuma ni ne gangarsa. Duk wanda ya miƙo mini riga da fuska a yamutse, sai na nuna masa rumfa da haɓa. Shekara huɗu muna haka, Namfamo har ya ɗan yi kumatu.

Sai wata safiya aka kafa allon doka a dandali, mai shela ya karanta sau uku. Kaisar, sarkin Rum, ya hana duba kowane iri, na taurari ne, na hanjin dabba ne, ko na ƙuri'a. Wanda ya duba wa wani, wuta. Wanda aka duba wa, a ƙwace abin da ya mallaka a kore shi. A ranar nan da la'asar wani falke da ya zo daga Kartaj yana kwance a ɗakin zafi ana tausa masa baya, yana ba da labarin wanda ya gani da idonsa an ɗaure a gungume, littattafansa rataye a wuyansa. Ya ce abin da ya kasa mantawa shi ne warin. Ina tsaye riƙe da takalman wani, ban san sa'ad da suka faɗi ba.

Washegari rumfa ta zama kufai. Waɗanda jiya suke layi, yau in sun hango Namfamo sai su tsallaka hanya. Mai burodi ta canza wurin talla. Shi kuwa yana zaune da randarsa kamar mai jiran gawa. Ya ce mini wannan ba duba ba ne, abin kwafan 'yan makaranta ne, duk mai karatu zai gane. Na ce masa mai karatun zai gane, bayan ka dahu. Kwana biyu ina yi masa naci kafin ya yarda a rabu da su.

To, a rabu da su ta yaya? Ƙasar da ta riga ta sha wuta ba ta ƙonewa. A daka a turmi, sun fi ɗari uku, maƙwabta za su ji. A binne, ba shi da ko taƙin ƙasa, a saman shagon majemi yake kwana. A fita da su ta ƙofar gari, tun ranar shela masu gadi ke leƙa kowane kwando. Sai ni, mai wayon gari, na ce ga magudana.

Mata ke wanka da safe, maza bayan rana ta karkata. Tsakani akwai ɗan lokacin da gidan wankan ke zama ba kowa, masu hura wuta suna ƙasa, masu tausa sun tafi cin abinci. A tsakiyar ɗakin sanyi akwai dutse mai huji-huji da ruwa ke bi ya sauka babbar magudana. Na ɗaga shi da sanda. Muka yi sawu uku da kwandon tufafi, an rufe sama da tsummokin goge jiki. Namfamo ya durƙusa a bakin ramin, yana ɗaukar tsingaro ɗaya-ɗaya, ya karanta da leɓe, sannan ya saki. Na ga in na bar shi, maza za su iske mu a nan. Na ce, "Tsoho, jana'iza ka zo yi? Ba duk suna kanka ba?" Na fizge kwandon na juye, na biyu da na uku ma haka. Ya ce in dakata akwai abin da yake nema, ban saurare shi ba. Na mayar da dutsen, na taka shi da dunduniya, na ji a raina yau na ceci mutum.

Matata Mustula na gaya wa muna cin abinci, har ina jiran yabo. Ta ajiye burodin hannunta.

Ta ce, "Gudul, shekara nawa kana aiki a gidan can?"

Na ce ashirin da biyu.

Ta ce, "In an yashe magudana kowace shekara, me ake tsinta a ciki?"

Kowa a garin nan ya san amsar, ni na fi kowa. Mai son ya yi wa wani sammu yakan sa a karta sunan mutumin da na uwarsa a fallen dalma, a naɗe, a soke da ƙusa, a jefa inda ke gangarawa ƙarƙashin ƙasa, kabari ko rijiya ko magudanar gidan wanka. Ni da hannuna na sha tsintar su ina tofar da yawu. Rubutu a randa ana iya gardama, wani ya ce duba ne, wani ya ce ba duba ba ne. Rubutu a magudana sunansa ɗaya. Na ɗauke mutum daga ƙaramin laifi na kai shi babba, a cikin kwandon tufafi.

Na ce mata ruwa zai wanke su. Ta ce kunkunniya zai wanke, kartar ƙarfen fa? Ban ƙara loma ba.

Kwana tara na yi ina kallon ruwa. Rana ta huɗu ya fara jinkirin sauka. Rana ta shida ya kai idon sawu a ɗakin sanyi. Ina gaya wa masu wanka sabon salo ne daga Rum, wai yana maganin ciwon gwiwa, suna dariya. Na gwada zura doguwar gora in tura su gaba, sai ma na ƙara danƙare su. Rana ta tara mai gidan wankan ya sa aka sauke bayi biyu da igiya. Ina can ina ninke mayafin mutum ɗaya karo na biyar sai kwandon farko ya hauro. Bawan da ya karɓa ya ga rubutu, ya saki kwandon, ya shiga goge hannunsa a bango. Mutane suka taru, wasu da riga wasu babu. Ba a tambayi rubutun wane ne ba, rabinsu suna da irinsa a saman ƙofa. Kafin rana ta faɗi babu ƙofar da ta rage da tsingaro a garin.

Mu biyu aka kama. Aka kulle mu a ɗakin da ke ƙarƙashin zauren majalisar gari, mai 'yar taga daidai da ƙasan titi, ba ka ganin komai sai ƙafafun masu wucewa. Magana irin wannan ta fi ƙarfin dattawan gari, sai alƙalin da gwamna ke turowa zagaye, shi kuma saura kwana biyar.

Ranar farko ina da sauran baki. Na ce wa Namfamo ya kwantar da hankalinsa, sammu ba suna ba sammu ba ne, kowa ya sani, nasa kuwa babu sunan kowa. Ya ce akwai suna.

Ga yadda abin yake. Shekara biyu baya Kittinu, mai gidan matsar man zaitun, ya gina wa kansa kabari tun yana da rai, kamar yadda masu hali ke yi, a bakin hanyar gonarsa, tafiyar yini guda daga gari. Ya zo wurin Namfamo neman zancen da za a sassaƙa a dutsen. Ya zaɓi wanda ke tuna wa mai wucewa cewa kwanakin mutum ba su da yawa. A kan kabari sunan uba ake sawa, amma Kittinu bai san ubansa ba. Uwarsa baiwa ce, ita ta sha wahalarsa, ya ce sunanta yake so, kuma kada kowa ya ji tukuna. Rubutun farko a kan tsingaro ya karkace, Namfamo ya sake wani ya ba shi, ya cusa karkataccen can gindin randa. Shi yake nema ranar da na fizge kwando.

Sunan mutum, sunan uwarsa, zancen mutuwa, a cikin magudana. Kuma wata guda ke nan Kittinu yana kwance da zazzaɓi, bai san wanda ke kansa ba.

Na tambayi Namfamo ko an sassaƙa rubutun a dutsen. Ya ce bai sani ba, Kittinu ya karɓa ya ce zai yi shawara, bai ƙara tayar da maganar ba. Na ce watakila ruwa ya tafi da wannan ɗin. Ya ce babba ne, gindin tulu ne.

Alƙalin siririn mutum ne mai jajayen idanu, daga ganinsa garinmu ya ishe shi tun bai sauka daga alfadari ba. A gefen zaure an ajiye dokin katako na azabtarwa da ƙugiyoyi da kaskon garwashi. Ba a yi wa manya tambaya da su, irinmu aka tanadar wa. An wanke tsingaron an zuba a kwanduna uku. Alƙali ya tambayi Namfamo ko ya yi wa wani sammu. Namfamo ya amsa da abin da wani tsohon masani ya faɗa game da mai gaskiya a gaban shari'a. Alƙali ya ce shi bai tambayi matattu ba. Ya sa magatakarda ya karanta su duka, ɗaya bayan ɗaya.

A tsingaro na uku na ga leɓɓan alƙali suna motsi. A na biyar ya riga magatakarda ƙarasawa. Ya shafa bayan hannunsa kamar wanda ya tuna inda tsumagiya ta saba sauka. Ya tambayi inda Namfamo ya samo su, aka gaya masa. Ya ce, "Waɗannan ai da su aka koya mana riƙe tsinke." Zaure ya ɗauki dariya. Ni na fi kowa ƙarfin dariya, gumi na bin gadon bayana. Duk sa'ad da magatakarda ya kai hannu cikin kwando, numfashina sai ya tsaya har ya fara karatu. Kwandon farko ya ƙare. Rana ta take tsaka, na biyu ya ƙare. Har na fara gaya wa kaina ruwa ya yi mana alheri. A tsakiyar na uku magatakarda ya ɗago wani babba mai lanƙwasa, ya buɗe baki, ya rufe, ya kai wa alƙali da hannu biyu.

Alƙali ya karanta sunayen a fili. Optatu, babban ɗan Kittinu, ya miƙe daga bencin 'yan majalisa. Bai ɗaga murya ba, wannan ya fi muni. Ya ce sunan kakarsa babu wanda ya san shi a garin nan, shi kansa sau biyu ya taɓa ji, kuma mahaifinsa lafiyarsa lau kamar bijimi har wata guda da ya wuce. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a tambaye shi wa ya gaya masa sunan, in ba waɗanda ke ƙarƙashin ƙasa ba."

Namfamo ya buɗe baki. Na jira in ji wani matacce ya yi magana, babu wanda ya zo. Cikin harshen gida, yana in'ina, ya ce, "Ranka ya daɗe, na kabarinsa ne. Shi ya zo da kansa. Ya ce uwarsa ta yi masa komai. Na rubuta, ya karkace, na sake. Ban taɓa nufin kowa da sharri ba." Duk zaman da muka yi, ranar na fara jin Namfamo ya yi magana da bakinsa.

Optatu ya ce fuskar kabarin a yaɓe take da laka, babu rubutun komai a kai. Alƙali ya dubi ƙugiyoyin, ya dubi Namfamo, ya mutsuka idonsa. Ya ce gobe magatakarda da soja ɗaya su tafi su fasa lakar. In rubutun na nan, wannan magana ce daban. In dutsen fili ne, rana ta uku a ƙone tsohon, shi kuma wannan ɗan gidan wankan a hau da shi dokin katako har ya faɗi wanda ya sa su.

Ta 'yar tagar muna iya ganin kusurwar dandali. Washegari da hantsi jakuna suka fara kawo itacen zaitun. Na san jakunan, su ne masu kai wa gidan wanka itace, na sha ba ɗayansu ɓawon kankana. Dattawan gari so suke alƙali ya ga ba sa wasa da dokar Kaisar, shi ya sa ba su jira dawowar magatakarda ba. Aka haƙa rami aka kafa gungume, muna jin duk bugun da ake yi masa.

Mustula ta zo ta tsugunna a bakin taga, ta zuro burodi da busasshen ɓaure. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma tun da na aure ta ban ga abin da ya tsorata ni kamar wannan ba. Ta ce Kittinu na nan yana numfashi. Ta ce ta je coci ta roƙa mana, a hanyar dawowa kuma ta ajiye 'yar waina a tsohon ɗakin tsafin da ke bayan kasuwa, don kada wani ya ji an bar shi a baya.

Da ta tafi na roƙi Namfamo ya faɗa mana ko ɗaya daga cikin zantukan da suka shafi jarunta, ai a kan mutuwa kaɗai yana da hamsin. Ya ce tun jiya yake nema, kansa ya zama kamar allon da aka shafe.

Ya ce, "Gudul, na sha karanta wa mutane irin waɗannan, ina gyaɗa kai. Tsoro nake ji."

Na ce ni ma.

Ya ce, "Hayaƙin ne ke fara kashe mutum, ko?"

Na ce hayaƙin ne, falken nan ya faɗa, wai ba a ma jin komai. Falken bai faɗi haka ba. Abin da ya faɗa na bar shi a cikina.

Sai ya ce in yi masa surutu, kowane iri ne, kada dai in yi shiru. To, abin da na iya ke nan. Na fara daga shugaban majalisa na bi su ɗaya-ɗaya, wane ne ke ɗaure tumbi da ɗamara biyu, wane ne ke shafa wa gashinsa baƙi ya bar mana shi a ruwa, wane ne ke shiga tafki ya yi tsit da fuskar mai tunani, ruwan gefensa na ɗumi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ina ba da labari hawaye na shiga bakina. A tsakiyar labarin wani na ce ya yafe mini. Ya ce hannun da ya karɓi tagulla nasa ne, in ci gaba, ina na tsaya da mai ɗamara biyu.

Rana ta biyu da la'asar muka ji kofato a titi. Ba wanda ya zo ya gaya mana komai. Rana ta uku da safe aka fito da mu, aka bi da mu ta gaban itacen. Mutane sun cika dandali, wasu har da guzuri. Namfamo ya kasa tafiya, sai da na riƙe shi ta hammata, ban san ma wa ke riƙe da wa ba.

Magatakarda ya miƙe ya gyara murya, ya fara tun daga ƙofar gari. Wai alfadarinsa ya yi ɗingishi. Wai manomin da ke kusa da kabarin ya ƙi ara musu guduma sai da soja ya zare masa ido. Ban taɓa tsanar mai jan labari kamar ranar ba, ni da sana'ata ce. Can ya ce sun fasa lakar. A ƙarƙashi akwai sunan Kittinu, da sunan uwarsa, da zancen. Masassaƙin bai auna wuri daidai ba, kalmomin ƙarshe sun hau gefen dutsen a matse kamar jerin tururuwa, amma suna nan. Ya ajiye abin da ya kwafo kusa da tsingaron. Alƙali ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce babu sammu.

Na durƙusa ina godiya. Amma alƙali bai gama ba. Ya tambayi abin da ya kai su magudana. Na faɗi gaskiya, kuma a karon farko a rayuwata na taƙaita. Sai ya juya ga zaure. Ya ce ya ji ana cewa mutane kan rufe ido su zaro tsingaro daga randar mutumin nan don su san abin da ke gabansu. Wanda ya taɓa yi, ko ya ga an yi, ya fito.

Daga inda nake durƙushe ina ganin mai burodi, da mahauci, da 'yan majalisa biyu, da matar Optatu kanta. Ɗaya daga cikinsu ya motsa, an gama da Namfamo. Amma wanda ya motsa ya yi asarar gidansa. Kowa ya ɗaga kai yana kallon rufin zaure, kamar yau aka gina shi. Alƙali ya jira, ya jira, har na ji ƙudan da ke yawo a kan kaskon garwashi. Ya sani, mun san ya sani. Daga ƙarshe ya ce ba zai ƙone mutum a kan abin kwafan makaranta ba shaida ba, amma ba zai bar shi a garin ba. Namfamo bulala ashirin, ya bar gari, kada ya sake dawowa. Tsingaron a daka a zuba a hanya. Ni bulala goma, kuma kada a sake ganina a bakin aikin gidan wanka.

Optatu ya fice tun kafin a gama, kansa a ƙasa, don yanzu duk gari ya san sunan kakarsa da abin da take. Kittinu ya mutu bayan mako uku, aka sa shi a kabarinsa.

Bulalar ta yi zafi, ba zan yi ƙarya ba, amma ban taɓa jin wanda aka zane yana godiya kamar mu biyu ba. Mustula ta shafa wa Namfamo mai a baya, ta ɗaure masa burodi da zaitun a tsumma, na raka shi har bayan ƙofar gari muna tafiya a karkace kamar kaguwa biyu. Ya sauka a wani ƙauyen kan tudu, tafiyar kwana biyu, aka ba shi gadin itatuwan zaitun kada awaki su ci. Na ziyarce shi sau biyu. Bai sake riƙe tsinke ba. Hirarsa duk ta awaki ce, kowace da sunanta da halinta, sai ciwon gwiwa, sai wata tsohuwa da ke ba shi kunun sha'ir. In gaskiya za a bi, maganar tasa ba daɗi, ga maimaici. Na zauna na saurare ta duka.

A shekara ta shida, lokacin sanyi, wani mai gawayi daga ƙauyen yana sauke wa Mustula buhu ya ce af, tsohon nan mai tari ya rasu. Da safe ne, ya sha kununsa, ya kwanta a tabarmarsa, matan ƙauyen suka wanke shi. Na fito daga ɗaki na sa ya sake faɗa. Na ce a tabarma? Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ya ce to da a ina.